Turken Mararrabar Ɗorawa

Birnin Kudu, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Munawwara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aikin asibiti, yaya zafin Lokoja? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Kawunki da ta ɗan motsa, amma da kansa yake zuwa masallaci.

Na kira ki kin ƙi ɗagawa, shi ya sa na ba Dabo direba wannan takarda, tunda ta garinku yake wucewa da lodin riɗi. Saƙon muryar da kika saka a zauren dangi na waya na ji shi, kowa ma ya ji. Kin ce ina tara 'ya'yan mutane ina kai su daji su mutu. To bari in tuna miki wanda kike magana a kansa.

Ni ne na fito daga sakandare da takardar da ko masinja ba za a ɗauka da ita ba. Ni ne na zauna bakin tasha ina faci da famfon aro. Ba wanda ya koya mini kwance inji, mataccen babur na saya na wargaza shi, na yi ta mayarwa har ya tashi. Shagona na kayan babur ba gadonsa na ci ba. Na gina gida, na kai mahaifiyata Makka, na haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, kuma ban taɓa tsugunawa a zauren ɗan siyasa ba. Ƙungiyar Mahaya Daji ni na kafa ta, lokacin da ake dariya wai masu gemu suna wasan yara. Hanyar da muke bi, daga bayan Kangire ta cikin duwatsu zuwa Farin Dutse har ta ɓulle Basirka, ni kaɗai na fara ratsa ta, da jarkar mai da adda ɗaure a baya. Yau har daga Kano da Bauci ake zuwa a bi ta, kuma a bayana ake bi.

Rasuwar Yahuza ta dake ni fiye da yadda kike zato. Na san abokin ƙaninki Ƙasimu ne tun suna yara, na san a gidanku ya ci tuwo. Amma ruwan ƙarshen damina ne ya cinye gefen kwari, babur ya zame da shi ya danne shi. Kwanansa ne ya ƙare. Ni na ɗauko shi, ni na shiga kabarinsa.

Game da Ƙasimu ki kwantar da hankalinki. Ya daina zaman ɗaki. Kullum da safe yana tayar da babur ɗinsa ya fita, sai yamma ya dawo.

Ki gaida maigidan. Ki kuma goge wancan saƙo.

Naki,
Maikano

Lokoja, ranar Alhamis

Maikano,

Wa alaikumus salam. Dabo ya kawo mini takardarka duk ta sha man inji. Muna lafiya, sai tarin da ya kama ƙaramar, ya yi sauƙi. A ce wa Kawu ya rage gishiri, kuma kada a bar shi ya sayi maganin masu lasifika a kasuwa.

Na karanta tarihin naka, taubashina. Ka manta ba ka rubuta cewa kai ka koya wa kanka tafiya da rarrafe ba. Ni dai na tuna wanda na goya yana yi mini fitsari a baya, kuma a lokacin ba shi da shago.

Amma ka sanyaya mini rai da maganar Ƙasimu. Wallahi tun ranar jana'izar nan da aka ce mini ya shige ɗaki ba ya magana, ko haihuwa nake karɓa hankalina yana gida. In har ya koma fita, to ya koma gonar riɗinsa ke nan, ko acaɓar da yake taɓawa. Alhamdulillahi. Aiki shi ne maganin irin wannan. Ka riƙa leƙa shi, ka ja shi da hira, kai ne babba a wurin tunda ni ina nesa kuma iyayenmu sun rasu.

Saƙon na goge. Zafin zuciya ne ya sa na yi shi, ka yi haƙuri. Amma ban janye ra'ayina ba. Har yanzu ban ga abin da magidanci zai je nema a cikin duwatsu ba, babu kasuwa, babu zumunci, babu gawa.

Yayarka,
Munawwara

Lokoja, ranar Talata

Maikano,

Sallama. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Shiru ba amsa, kuma yanzu na san dalili. Hidaya matar Ƙasimu ta kira ni tana kuka har ba na jin abin da take cewa. Ashe fitar da ka rubuta mini ba gona ba ce. Ta ce kullum sai ya sa hular kwano ya tafi can wajen Farin Dutse, wata mararraba da kuke kira ta Ɗorawa, kusa da inda Yahuza ya faɗi. Ya kafe babur a gindin bishiya, ya zauna a kai yana kallon hanyar da ta fito daga kwari, har rana ta faɗi. Ta ce riɗinsa ya bushe a tsaye yana zubewa ƙasa. Ta ce ƙasusuwan wuyansa duk sun fito. An yi masa ruƙiyya, an kai shi asibiti an ba shi ƙwayoyi, ya sha, gari ya waye ya koma. Rannan 'yan'uwanta suka ɓoye makullin babur ɗin, sai ya kama hanya a ƙafa.

Ka san duk wannan ka rubuta mini wai in kwantar da hankalina? Ni kuma sakarya har da sujjadar godiya.

Ta ce in an tambaye shi me yake jira, sai ya ce ba a sallame shi ba. Wa zai sallame shi? Wane irin abu kuke yi a dajin nan? Kada ka sake aiko mini da jerin rijiyoyin da ka haƙa. Ƙanina ɗaya ne a duniya, kuma yana ƙarewa a gindin bishiya. Ka gaya mini abin da ya faru ranar, tiryan-tiryan, ko in ajiye aiki in taho in ji daga bakin wani.

Munawwara

Birnin Kudu, ranar Asabar

Yaya Munawwara,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙaramar ta warware. Kawunki ya ji saƙon gishiri, ya ce ke ma ki rage faɗa.

Ba ƙin amsa na yi ba. Motar Dabo ce ta lalace a hanya, takardunki biyu rana ɗaya suka iso hannuna. Kuma ban yi miki ƙarya ba, na ce yana fita, yana kuwa fita. Ke kika ƙara gona.

Ga yadda muke tafiya. A daji babu allo, waya ba ta kamawa, kuma ba a ganin juna saboda kwana da duwatsu. Don haka akwai mai gaba, ni ke nan. Akwai mai baya, shi ne na ƙarshe, yana sanye da jar falmaran don a gane shi daga nesa. Yahuza ne mai bayanmu. Duk inda hanya ta rabu, sai in nuna wa wanda ke bi na ƙasa da yatsa, ya tsaya a nan yana nuna wa sauran hanya. Shi muke kira turke. Turke ba ya motsi, ko ruwa ake ko me, har sai mai baya ya iso ya bugi tankinsa da tafin hannu. Wannan bugun shi ne sallama. Kafin in kafa wannan doka mun sha ɓatar da mutane, wani baƙo daga Kano sai a rugar Fulani aka samo shi. Tun da na kafa ta ko mutum ɗaya bai ɓata ba. Wanda ya bar wurinsa kafin sallama korarsa nake yi, kuma na kori mutane a gaban Ƙasimu.

Ranar, Ƙasimu na ajiye a Mararrabar Ɗorawa. Kowa ya wuce, saura Yahuza. Kwarin yana bayan wurin kaɗan, ba a ganin cikinsa, amma ana jin sauti. Ƙasimu ya ji hon. Kin san Yahuza da wasa, in ya kusa turke sai ya yi ta danna hon yana tsokana. Ƙasimu ya ɗauka isowa yake. Hon ya yi ta yi, yana raguwa, yana raguwa, har ya zama kamar kukan ɗan akuya, sannan ya ɗauke. Mu muna can gaba muna jira, na ɗauka faci suka tsaya yi. Da la'asar ta kawo jiki na juyo. Na tarar da Ƙasimu a wurinsa, hannu a miƙe yana nuna hanya. Na gangara kwari na tarar da Yahuza a ƙarƙashin babur, babban yatsansa a kan madannin hon, batir ya mutu. Jikinsa da sauran ɗumi.

Shekaranjiya na je wurin Ƙasimu. Rana tsaka, zafi kamar a gasa mutum. Na kai masa fura.

Na ce, “Ƙasimu, tashi mu tafi gida. Ni ne shugaba, na sallame ka.”

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Haba Oga. Gwada ni kake yi? Kai mai gaba ne. Mai gaba ajiyewa yake, ba ya sallama.”

Na ce, “Kai, Yahuza ya rasu. Tare muka yi masa salla.”

Ya ce, “Na sani mana, ai ni ba mahaukaci ba ne.” Sai ya ɗaga yatsa. “Ji. Ka ji shi? Ya kusa.”

Ban ji komai ba, Yaya. Akwai wani tsuntsu a duwatsun nan mai irin wannan kuka, na tabbata shi ne. Na dai bar masa furar na taho, kuma ban biyo ta kwarin ba, na zagaya ta titi saboda ina da saƙo a Gwaram.

Dokar ba ta da laifi. Ƙasimu ma ba shi da laifi, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Duk ƙungiyar babu turke kamarsa.

Naki,
Maikano

Lokoja, ranar Laraba

Maikano,

Wa alaikumus salam. Ƙaramar ta warke. Ni ce dai na karanta takardarka a ɗakin hutu na kasa tashi, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ba zan yi musu da kai a kan dokarka ba, ka riƙe ta ka yi ado da ita. Amma ka lura da abin da yaron nan ya gaya maka? Ya faɗa maka maganinsa da bakinsa. Ba malam yake jira ba, ba likita ba, ba mai gaba ba. Mai baya yake jira. To a ba shi mai baya.

Ka je wurin mahaifiyar Yahuza ka roƙi jar rigar nan. Ka tara mutanenka ku bi hanyar kamar yadda kuka saba. Wani ya sa rigar ya zo a ƙarshe, ta cikin kwarin, ya bugi tankin ƙanina. Na san abin da za ka ce, wai tun rasuwar ba wanda ya yarda ya zama mai baya, Hidaya ta gaya mini. Ni ba wani nake nufi ba, kai nake nufi. Na san ba ka taɓa shaƙar hayaƙin kowa ba tun da ka fara hawa. Ka shaƙa sau ɗaya, ba zai kashe ka ba.

Kuma wane saƙo ne da kai a Gwaram, Sarkin Gaba? Kai da ka ratsa duwatsu da adda kai kaɗai, tsuntsu ne ya sa ka zagaye?

Ban taɓa roƙonka komai ba. Wannan ina roƙo, don Allah da zumunci.

Yayarka,
Munawwara

Birnin Kudu, ranar Litinin

Yaya Munawwara,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kawunki lafiya. Ƙasimu yana gida. Na san Hidaya ta riga ta kira ki, amma ki ji nawa, don abin da ake faɗa a gari ba daidai ba ne.

Na je wurin mahaifiyar Yahuza. Na durƙusa, abin da ban yi wa sanata ba. Ta buɗe akwati ta ɗauko falmaran ɗin, ta wanke ta ta ninke, har da turare. Ta ce, “Ta yage a kafaɗa, na kasa ɗinkewa. Me za ka yi da ita, Maikano?” Na gaya mata. Sai ta ce, “Je ka. Rashi ɗaya ya ishe mu. Amma ka dawo mini da abata.”

Ranar Asabar muka fita. Da yawa sun noƙe, wasu tsirarun dai suka zo. Na sa Yunusa makanike a gaba, har yana tambayata ko da gaske nake. Na ce masa in kun iso Ɗorawa kada wanda ya tsaya, kada wanda ya yi wa Ƙasimu magana, ku bi inda ya nuna kawai. Na sa rigar. Ta yi mini kaɗan, ba ta rufe cikina ba. Na ja gilashin hular kwano na rufe fuska saboda ƙurar na gaba, ba don in ɓoye ba.

Baya ba daɗi, Yaya. A gaba hanya kake kallo. A baya kuwa madubi kake kallo, alhali ka san ba kowa a ciki. Muka wuce gonakin Kangire, muka hau kan falalen dutse, muka ratsa yashin rafi. Sannu a hankali ƙarar sauran ta yi nisa har na daina jin ta.

Na gangara kwarin da giya ɗaya. Ina isa daidai wurin, inda gefen ya zaftare, babur ya mutu. Babur ɗin da ni na haɗa injinsa da hannuna, wanda bai taɓa mutu mini a hanya ba. Na buga kik, shiru. Na duba mai, akwai. Na cire fulogi na goge na mayar, shiru. Rana tana tsakiyar kai, ko ganye ba ya motsi. Na yi ayatul kursiyyu.

Sai na ji hon. Ba daga inda nake ba, daga sama, wajen mararraba. Kuma ba raunanne ba, mai ƙarfi, irin na tsokana. Bayansa na ji babur ya tashi, ya ɗauki hanyar Farin Dutse, ƙararsa ta ɓace. Na sake buga kik, bugu ɗaya nawa ya kama.

Da na hau mararraba ba kowa a gindin ɗorawar. Sai kwanon furar da na kai masa rannan a kife. Na sauka na duba sawun taya, amma mutanenmu sun riga sun tattake wurin, ba a gane komai.

A Farin Dutse na iske su wurin mai rake. Ƙasimu yana tsakiyarsu, ya cire hula, yana shan rake kamar wanda ya shekara bai ci ba. Na tsaya a bayan wani shago na cire rigar na cusa a jaka kafin in ƙarasa, ban san dalili ba. Da ya gan ni ya ce, “Oga, ina ka tsaya? Ai mutumin ya iso.”

Na ce, “Wane mutumin?”

Ya ce, “Yahuza mana. Ya zo da hon ɗinsa na iskanci, ya bugi tankina, ya ce wuce malalaci, ka shanya ni a rana.” Ya yi dariya, sai kuma hawaye. Yunusa ya dube ni, na kau da kai.

Tun ranar bai koma ba. Yana cin tuwo, jiya ma ya je ya ga abin da ya rage na riɗin. Wannan shi ne abin da kika roƙa, kuma an yi.

Amma yanzu duk gari an ɗauka wai mamaci ya dawo ya sallami abokinsa. A tasha ake faɗa, a majalisar mai shayi ake faɗa. Su Yunusa sun ɗauka ni ne na buga tankin na yi muryar Yahuza, suna ta jinjina mini a ɓoye, ban ce musu e ba, ban ce a'a ba. Ni ga yadda na fahimta. Daga gindin ɗorawa ana hango bakin kwarin ta wancan gefe. Ƙasimu ya hango ja lokacin da nake gangarawa, sauran kuma zuciyarsa ta ƙarasa masa, mutum ne da yunwa da rana suka gasa. Hon ɗin kuwa nasa ne, shi ya danna da zai tashi. Hidaya ta ce hon ɗin babur ɗinsa ya daɗe da lalacewa, amma mace me ta sani game da wayar babur? Irin wannan yana kamawa yana saki. Ban je na gwada ba, aiki ya yi mini yawa a shago.

Hidaya ta roƙe ni da girman Allah kada in gaya wa Ƙasimu ni ne a cikin rigar, wai kada ya koma. Na yi mata alkawari, zan kuma cika. Rigar na mayar wa mai ita. Maduban babur ɗina kuwa na kwance su duka biyun, sun fara damuna da rawa.

Abu ɗaya nake nema a wurinki, ke da kika tura ni. Ni na durƙusa na karɓo rigar. Ni na sa ta. Ni na shiga kwarin ni kaɗai, ba kowa a bayana, ba kowa a gabana. Ba wanda ya taya ni. A gari ba ni da bakin faɗa, to ke ki faɗa. Kada ki kira ni a waya. Ki ɗauki biro, ki rubuta a takardar da za ki ba Dabo, da hannunki, da manyan baƙaƙe, cewa Maikano ne ya sallami Ƙasimu a Mararrabar Ɗorawa. Ki sa cikakken sunana. Ina so in gan shi a rubuce.

Naki,
Maikano Aminullahi Birnin Kudu